Abin da Ke Karya Sabon Malami a Shekararsa ta Fari

Kowace shekara ɗalibai suna gama karatunsu a kwalejin nan, su karɓi takardar shaidar malanta, a rarraba su makarantu, waɗansu cikin gari waɗansu ƙauye. Ina cikin malaman da ke fita duba masu koyarwar gwaji, saboda haka a makarantun da nake zuwa nakan tarar da namu waɗanda suka fita bara ko bara waccan. Abin da nake gani a wurinsu shi ya sa na nemi fili a shafukan nan. Mutum ya bar mu da ƙwazonsa, littafin shirin darasinsa cike, yana ɗokin ranar da za a ce ga ajinsa. Kafin a kai hutun zango na biyu murya ta dushe, fuska ta yi zuru-zuru, ya fara ƙidayar kwanakin da suka rage a rufe makaranta. In ka tambaye shi lafiya, kusan amsar ɗaya ce ko'ina: "Malam, yaran nan ba sa jin magana, ni kuwa na gaji."

Shi a ganinsa abu biyu ya faɗa, watau rashin jin yara daban, gajiyarsa daban. Ni kuwa ina so in nuna muku cewa a haɗe suke, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa, kuma wanda ya gane inda suka haɗu ya sami bakin zaren.

Mu fara da gajiyar. Gajiya iri biyu ce. Akwai ta wanda ya wuni yana huɗa a gona. Wannan in ya yi wanka, ya ci tuwo, ya kwanta, gari na wayewa ya tashi garau. Akwai kuma wadda barci ba ya maganinta. Mai ita yakan tashi da safe kamar bai kwanta ba, kuma tun daren Lahadi gabansa yake faɗuwa don tunanin Litinin. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kanta, bayan ya lura da masu aikin sa kai a wani ɗakin shan magani na kyauta a birnin New York. Ya ga waɗanda suka fi kowa himma su ne suka fi saurin lafewa. Sunan da ya ba abin yana nufin wutar da ta ci har ta cinye makamashinta. Mu da muka san fitilar ƙwai mun san misalin: in kananzir ya ƙare fitila ba ta mutuwa nan take, lagwani take koma ci, tana hayaƙi tana wari.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali cikin kundinta na rarrabe cututtuka. Ba ta ce cuta ce ba. Ta ce hali ne da ke samun mutum saboda matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, ta kuma ba shi alamu uku. Ta fari ƙarewar ƙarfi. Ta biyu aikin ya fita daga ran mutum, ya riƙa kallonsa da ƙyashi ko ba'a. Ta uku ya zama ba ya iya yin aikin yadda ya kamata. Ta biyun nan ita ce na fi tsoro ga malami, domin a ɓoye take shiga. Ran da ka ji malamin da ada yake kiran yaransa da sunayensu ya koma cewa "dabbobin nan", ko ya ce "ai waɗannan ko shekara goma aka yi ba za su iya ba", to, ka san abin ya yi nisa. Ba mugun mutum ba ne. Zuciyarsa ce ta ja da baya don ta kare kanta.

Me ya sa sabon malami ya fi kamuwa? Ga lissafi mai sauƙi. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce a firamare malami ɗaya ya riƙe yara 35. Amma tun da aka buɗe ƙofar ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka sake faɗaɗa ta a 1999, yawan yara ya riƙa tsere wa yawan ɗakuna da malamai a wurare da dama, har ni kaina na sha shiga ajin da yara 80 ke zaune, waɗansu huɗu a benci, waɗansu a ƙasa. To, a ce malamin wannan aji ya ba da aiki a darasi uku a rana, ya kuma ƙudura zai duba kowane littafi da hannunsa. Littafi 240 ke nan. In kowanne ya ci minti ɗaya tak, awa 4 ke nan, bayan an tashi. Sa'an nan bai taɓa shirin darasin gobe ba, wanda shi a wurinsa kowane darasi sabo ne, alhali tsohon malami yana da na bara a aljihu. Ku ƙara da al'adar nan ta makarantu da yawa, wadda ba na jin kunyar kushe ta: ajin da kowa ya guda shi ake miƙa wa baƙo, a ɗora masa kula da wasanni da share fili, wai ai shi yaro ne jininsa na tafasa. Ga albashin fari da yakan yi jinkiri, ga ɗakin haya a garin da bai san kowa ba.

Yanzu ku dubi yadda gajiyar ke haifar da hayaniya. Malamin da ya kai tsakar dare yana duba littattafai ya shigo aji bai shirya ba. Ya tsaya neman alli, ya aiki yaro ofis, ya juya baya yana kwafe dogon rubutu a allo. Minti biyar sun wuce ba wanda aka ba abin yi. Yaro ɗan shekara tara ba ya iya zama haka nan, in ba a ba shi aiki ba sai ya ba kansa. Wannan ya tsunkuli wancan, wancan ya rama. Malam ya juyo ya daka tsawa, aji ya yi tsit. Ya ga tsawa ta yi amfani, gobe ya sake. Ran na uku ba ta isa ba sai ya buga tebur, ran na biyar sai da sanda. Ya koma gida maƙogwaro na zafi, rai a ɓace, ba shi da sauran ƙarfin shirin gobe, gobe kuwa ta fi yau muni. Haka abin yake zagayawa har zango ya ƙare.

Dole in tsaya kan bulala, domin na san da yawanku ita kuka ajiye a zuci don ranar da abin ya gagara. Akasarinmu a ƙarƙashinta muka yi karatu, kuma har yau akwai uban da zai kawo ɗansa ya ce, "Malam, in ya yi ba daidai ba kada ka raga masa." Amma ku sani Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana a ji wa yaro rauni a jiki ko a zuci, ta kuma hana horo na wulaƙanci. Ko da an ajiye batun doka, bulala mugun ciniki ce ga malami kansa. Abin da take koya wa yaro shi ne ya natsu muddin mai sanda na tsaye. Da ya fita an koma gidan jiya, saboda haka malami ya mai da kansa ɗan gadi ke nan, ba shi da damar kau da ido. Kuma farashinta kullum hawa yake: wanda biyu suka tsorata shi a watan fari, a wata na uku shida ba sa sa shi ƙifta ido. Mafi haɗari duka, malamin da ya gaji ba ya duka da awo, da fushi yake yi. Sanda ta zame ta sami ido ko kunne, shi ke nan an bar maganar makaranta an shiga ta asibiti da ta 'yan sanda, aikin da aka yi shekara uku ana karatu dominsa ya tafi a minti ɗaya.

To, in ba tsawa ba bulala, sai me? Wani Ba'amurke, Jacob Kounin, ya ɗauki hotunan bidiyo na azuzuwan firamare masu yawa, ya zauna ya yi ta nazarinsu, ya fitar da littafi a 1970. Da fari abin da ya nema shi ne irin tsawatarwar da ta fi tasiri in yaro ya yi laifi. Sai ya tarar malaman da ajinsu ke zaune lafiya da waɗanda nasu ke hargitse ba su da wani babban bambanci wajen abin da suke yi bayan an yi laifi. Bambancin yana wurin abin da suke yi kafin a kai ga laifin. Wannan magana ta cancanci kowane ɗalibin kwalejin nan ya rubuta ta a bangon littafinsa.

Abu na fari da ya gani shi ne malamin kirki yana nuna wa yara cewa ya san abin da ke gudana a kowane lungu na ɗakin, kamar yana da ido a ƙeya. Ba sihiri ba ne. Yana tsayawa inda zai ga kowa. In zai yi rubutu a allo yana yi a taƙaice, a karkace, yana waiwaye. Dogon rubutu kuwa tun kafin a buga ƙararrawa ya gama shi. Yana kama abu tun yana ƙarami, kuma yana kama mai laifin na ainihi, domin ba abin da ke zubar da girman malami kamar ya hukunta wanda ya rama ya bar wanda ya fara, yara duk suna kallo. Sau da yawa ba ya ma buɗe baki: ya taka ya tsaya kusa da bencin da ake ƙus-ƙus, ya ɗora hannu a kan tebur, yana ci gaba da bayaninsa. Amma wannan duka ba ya yiwuwa sai ka san sunayen yaranka. "Kai, kai mai jar hula!" ba ta da kaifin "Audu, shafi na goma muke." Ka zana taswirar ajin a takarda, kowane benci da sunayen masu zama a kai, ka ajiye a teburinka, kada ka bari a sauya wuri sai da izini. Cikin mako biyu ko uku ka haddace, ko da su 80 ne.

Abu na biyu, ya lura cewa hargitsi ya fi tashi a gaɓa, watau lokacin da ake barin wani aiki a kama wani. Ku lura da kanku in kun fita gwaji: shigowa da safe, dawowa daga tara, rabon littattafai, sauyi daga lissafi zuwa karatu. A nan aji yake zubewa. Maganinsa kowace gaɓa ta sami ƙa'idarta da ba ta sauyawa, a koya wa yara ita kamar yadda ake koya musu jadawalin sau. Yadda ake jeruwa a shiga. Aiki gajere yana jira a allo, lissafi uku ko kalmomi biyar, wanda kowa zai kama da zarar ya zauna, kai kuwa ka kira rajista cikin natsuwa. Wanda ke bakin kowane layi shi ke raba littattafai, shi ke tattarawa. Alama guda ta yin shiru, ko tafi uku ko ɗaga hannu, kuma ba ka fara magana sai an yi shirun, ko da za ka yi minti guda a tsaye. Makon farko zai yi kamar ɓata lokaci. Ka daure, ba a fafe gora ranar tafiya. Amfanin wannan ga mai gajiya shi ne abin da ya zama al'ada ba ya bukatar ƙarfin malami kuma. Ran da ka zo da ciwon kai, tsarin zai riƙe ajin ko kai ba ka iya ba.

Dokokin aji kada su wuce uku ko huɗu, kuma kada ka yi alkawarin horon da ba za ka iya cikawa ba. Wanda ya ce "duk wanda ya sake magana zan kore shi daga makarantar nan" ya san ba shi da wannan iko, yara ma sun sani. Horo ƙarami da ba ya kuskure, kamar a sauya wa yaro wurin zama ko ya tsaya ya gama aikinsa bayan an fita, ya fi babba wanda yau akwai gobe babu.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a wannan yanki, inda aji guda yakan tara yara masu harsuna huɗu ko biyar. Ba kowace hayaniya ce rashin kunya ba. Yaron da ya yi rabin awa ana zuba masa Turancin da bai kama ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, in ya juya ya tambayi maƙwabcinsa da harshen gida me aka ce, ai neman ilmi yake yi. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a wurin, kafin a koma Turanci, dalilin ke nan. Mu masu Hausa muna da sa'a a garuruwa da yawa, tunda ita ce harshen kasuwa, amma kada mu ɗauka kowane yaro ya iya ta, balle in aiki ya kai mutum kudu. Ka zaunar da wanda bai ji ba kusa da wanda ya ji, ka yarda su yi raɗa. Kai ma ka koyi gaisuwa da 'yan kalmomin aji, zauna, saurara, madalla, da harshen yaranka. Za su yi dariyar lafazinka, su ƙaunace ka a kai.

Haka nan in yaro guda ya addabe ka kullum, kafin ka yanke cewa shaiɗani ne ka kira shi shi kaɗai ka ba shi littafi ya karanta maka layi biyu. Sau da yawa za ka tarar ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, ya gwammace a san shi da tsokana da a san shi da daƙiƙanci. Wani ba ya ganin allo daga baya. Wata tun asuba take talla, ba ta karya ba.

Batun yawan yara kuwa, kakanninmu sun riga mu dabara. Ku dubi makarantar allo: malami guda, almajirai ba iyaka, amma manya su ke biya wa ƙanana, malam yana zaune ana kawo masa allo ɗaya bayan ɗaya. A Ingila ma Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a Landan a 1798 bisa irin wannan tsari, yara masu ƙoƙari suna koya wa na bayansu. Ba na cewa ku sakar wa yara aikinku. Ina cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace da shugabanta, ana sauya shi bayan mako biyu don kowa ya ɗanɗana. Lissafin da amsarsa ɗaya ce, yara su yi musayar littattafai su duba wa juna kana faɗin amsa. Kai kuwa ka ɗauki littattafan layi ɗaya kowace rana ka duba su da kyau, a mako ka zagaye ajin. Awa huɗun nan ta dawo ƙasa da ɗaya, kuma abin da ka rubuta da jan biro ya zama mai amfani maimakon alamar da aka ja cikin gyangyaɗi. Abu ɗaya na hana: kada ka ba manita sanda, kada kuma ka sa shi rubuta sunan masu surutu. Wannan aiki ba ya haifar da kome sai gaba da cin hanci, yau a ba shi gyaɗa a goge suna, gobe a tare shi a hanyar gida.

Jikinka ma kayan aiki ne. Murya ita ce garmar malami, kuma ƙurar alli da ta hunturu suna cinta. Ka ajiye ruwa a teburinka. Ka saba da magana ƙasa-ƙasa, domin aji yakan bi muryar malami, in ta hau ya hau. Ka sa wa kanka lokacin da za ka rufe littafin makaranta da dare, kada ka wuce shi, ka kuma bar yini guda a mako da ba ka taɓa jan biro. Goro da shayi suna ɗage barci, ba sa biyan bashinsa.

Abin da ya fi wuya shi ne buɗe baki. Sabon malami yana jin kunyar a ce ya kasa riƙe aji, sai ya rufe ƙofa ya yi ta fama shi kaɗai. A kusan kowace makaranta akwai wata tsohuwar malama ko wani dattijo wanda in ka wuce ajinsa sai ka yi tsammani ba kowa ciki. Ka same shi ka ce, "Baba, ina so in zauna bayan ajinka gobe in ga yadda kake yi." Ban taɓa jin wanda aka yi wa wannan roƙo ya ƙi ba. Hedimastocin da mujallar nan ke isa hannunsu, ku ma ina roƙonku ku haɗa kowane baƙo da irin wannan dattijo tun ranar da ya zo, ku leƙa ajinsa don taimako tun ba a kai ga tuhuma ba, ku kuma sauke masa ayyukan gefe a shekararsa ta fari.

In kuwa abin ya wuce nan, mutum ya yi makonni ba ya barci, abinci ya fita ransa, abin da ada yake faranta masa ya daina, ko ya fara jin gara ma ba shi a duniya, wannan ya bar hannun shawarar abokin aiki. A raka shi asibiti ya ga likita, kamar yadda za a yi in zazzaɓi ne ya kwantar da shi.

Ku 'yan shekarar ƙarshe da za ku fita gwaji, ga aikin da na ba ku. A makonku na fari, kafin ku karɓi alli, ku zauna a bayan aji ku rubuta abin da malamin ajin yake yi a minti biyar na farkon kowane darasi da minti biyar na ƙarshensa, inda yake tsayawa, da wanda yake kira, da yadda littattafai ke fita su dawo. Ku ajiye takardar, zan nemi ganinta in na zo zagaye.